Ɗakin da na toshe a Gidan Amumune

Ku da kuka zo koyon gini bana, na ji abin da kuke faɗa jiya a gindin bedi. Wai gini ba wuya: ka kwaɓa sima, ka ja zare, ka jera birki, wata uku ka zama maigidan kanka. To ku ajiye turuwel, cokalin ginin naku, ku zauna. Sunana Isuhu, na fi shekara arba'in a wagga sana'a tsakanin Tasawa da Mayahi, kuma bangon da na ɗora bai taɓa faɗuwa ba ko sau ɗaya. Amma na gina ɗakin da ya kashe mutum. Ɗakin na nan tsaye, ko tsagewa bai yi ba.

Aikin farko da na sa hannu a ciki wani soro ne a Kona, na wani mai sayen wake. Kawuna Nomau, ƙanen uwata, shi ne maginin. Shekara biyu ban taɓa bango ba. Aikina taka ƙasa da ƙafa, a zuba mata ciyawa da kashin dabbobi, a bar ta ta ruɓa, a dawo a sake takawa har ta yi danƙo. Daga nan mulmula tubali, daga nan jefa shi ga wanda ke sama, kuma in ka jefa karkace ya dawo maka a ka. Kayan aikin Kawu ba su cika buhu ba: gatari, hauya, igiya, sai tafin hannunsa da ya yi kaushi kamar bayan kunkuru. Azarar goriba yake sa wa, daga Gulbin Kaba, kuma sai ya ƙwanƙwasa kowace ɗaya ya saurari ƙararta kafin ya yarda a hau da ita.

A wancan soron ne na ga ya bar wasu kafofi uku can sama, dab da azara, kowace girman dunƙulen hannu. Na ɗauka mantuwa ce. Da ya tafi salla sai na hau na liƙe su da ƙasa, na shafe sumul, ina jiran yabo. Da ya dawo ya ɗaga kai, ya miƙo mini tsinke.

"Hau ka buɗe."

Na hau na buɗe. Da na sauko na ce, "Kawu, mi ne amfaninsu? Jemagu kawai za su shiga."

Ya ce, "Haka na tarar."

Iyakar bayanin ke nan. Kawu ya iya aiki, bai iya faɗin dalili ba, ni kuma abin da ba a gaya mini dalilinsa ba ban riƙe shi ba.

Da sima ta fara yawa sai na tafi Maradi, na yi shekara huɗu ƙarƙashin wani ɗan kwangila. Can na koyi nibo, ma'aunin daidaiton bango, da buga birki a mul, akwatin da ake zuba shi, da rufin tol, wato kwano, da filafo, silin da ake sa wa ƙarƙashinsa. Na dawo gida na tarar kowa na son ɗaki irin na birni. Kuma duk wanda ya kira ni kukansa ɗaya ne: sauro, kunama, ɓera, sanyi. Wani ya ce maciji ya faɗo wa matarsa daga jinka. Sai na mai da toshiya ita ce gwanintata. In na gama ɗaki, da tsakar rana nake shiga, in ja ƙofa da taga in tsaya cikin duhu. In na ga zaren haske ko ɗaya, aiki bai ƙare ba. Har suna aka sa mini, Isuhu Ba-Kafa, kuma ina amsawa da fara'a.

Wannan sunan ne ya kai ni gidan Alhaji Mani a Gidan Amumune, mai fataucin hatsi. Babban ɗansa Laminu na da mata, Hadiza, tana ɗauke da cikin fari. Suna zaune a tsohon ɗakin ƙasa mai jinka, Alhaji ya ce jikansa ba za a haife shi inda ƙadangaru ke yawo bisa kai ba.

"Isuhu," in ji shi, "ɗaki nake so wanda ko tururuwa sai ta yi sallama."

Na ce, "Alhaji, ka kira mai shi."

Na zuba duk abin da na sani. Birkin sima, yaɓe ciki da waje, tol a sama, filafo na katako a ƙasansa, kowace mahaɗa na cike ta da mastik, danƙon liƙe tsaga. Taga ɗaya ce, ta ƙarfe, marar tsaga. Ƙofar ma ta ƙarfe ce, daga wani mai walda a Mayahi, kuma da na ga haske na shigowa ta ƙasanta sai na yanka robar taya na bi bakin ƙofar da ita ko'ina. In ka ja ta ba ta ƙara, sai dai ta yi luf, kamar an rufe tulu.

Hadiza ce ke aiko mana da fura kullum da azahar. Tela ce, tana da keken ɗinki, mace mai yawan dariya. Wata rana ta zo da kanta ta leƙa, ta ɗaga kai ta dubi bangon.

"Baba, ba za ka bar mini ƴar taga can sama ba? Ni ɗaki in ba ya shan iska kaina ke nauyi."

Na yi dariya. Na ce, "Ɗiyata, taga ƙofar sauro ce. Bari ki haihu, za ki gode mini."

Ta ce, "To, ku kuka san aikinku." Ta ɗauki kwanon furarta ta tafi.

Ta haihu cikin tsakiyar ɗari, ɗiya mace. Ungozomar garin, Inna Tabawa, ita ta karɓi haihuwar, ita kuma ke yi mata wankan jego. Tsohuwa ce da rabin garin suka faɗo a hannunta, har shi Laminu. Kun san yadda ake yi: a yi wa mai jego wanka da ruwan zafi, a kwantar da ita, a sa kaskon garwashi ƙarƙashin gado don jikinta ya gasu. Uwayenmu da kakanninmu duk haka aka yi musu, a ɗakunan jinka, ba abin da ya same su.

Tun kafin suna Hadiza ta fara kukan ciwon kai. Tana amai, in ta tashi jiri na ɗibarta. Aka ce jego ne, na fari haka yake. Bayan suna da ƴan kwanaki aka tashi da sanyi mai tsanani. Da hantsi Inna Tabawa ta yi mata wanka, ta ƙara gawayi a kasko, ta lulluɓe ta. Uwar Laminu ta ɗauki jaririyar ta kai ɗakinta, don baƙi sun zo barka daga Tasawa. Inna Tabawa ta ja ƙofa ta tafi gida.

Da azahar aka je kai mata abinci. Tana kwance yadda aka bar ta, hannunta ƙarƙashin kunci, kamar mai barci. Ta rasu.

Ina cikin garin a lokacin, ina gina wani shago a bakin kasuwa. Na wanke hannu na tafi jana'iza. Muna tsaye a tsakar gidan ana jiran a fito da ita, na jingina da bangon ɗakin, wani baƙo kusa da ni ya shafa yaɓen da hannu ya ce a hankali, "Wa ya yi wanga aiki? Ya iya." Na ce ni ne. Wallahi haka na ce.

Mace lafiyayya ta kwanta da hantsi ta mutu kafin azahar, ba jini, ba zazzaɓi, dole mutane su nemi dalili. Wasu suka ce iska ce ta buge ta. Sai wani ya tuna wa ya fita daga ɗakin a ƙarshe. Kafin sadakar bakwai magana ta gama gari: Tabawa mayya ce. Aka tuno wata da ta rasu a hannunta shekara goma baya. Aka daina kiranta haihuwa. In ta nufo rijiya mata na janye ƴaƴansu, in ta yi sallama a ƙofar gida a yi shiru har ta wuce. Wata rana aka jefa mata duwatsu bisa jinka. Ni ma, a majalisar shayi, da bakina na ce, "Tsohuwar nan da ma idonta bai kwanta mini ba." Kafin damina ta ɗaure kayanta ta koma wurin ɗiyarta, a wani ƙauye gaba da Urafane. Ɗakin kuwa aka sa masa kwaɗo, ba wanda ya yarda ya kwana ciki.

Shekara biyu bayan haka, cikin bazara, aka aiko mini daga meri, ofishin magajin gari. Wasu masu bincike sun zo daga jami'a, suna auna zafi da iskar cikin ɗakuna, suna son magini wanda ya san gidaje ya zagaya da su. Shugabarsu injiniya ce, Madam Zainabu, Badamagariya, ba ta fi sa'ar ɗiyata ba. Na yarda, don ina so su ga aikina.

Da ƴan akwatuna suka fara, kamar kwalin ashana, suna rataye su a bango su bar su kwanaki, akwatin na riƙe lissafin zafin ɗaki. Na kai su ɗakunana na tol, na kuma kai su tsohon soron Kawu a Kona, don su ga bambancin da da yanzu. Sun kuwa gani. Madam ta nuna mini a allon na'urarta: da la'asar ɗakunana sun fi waje zafi, soron Kawu kuwa sanyi ƙalau. Na ce na'urar ta lalace. Ta ce, "To Baba, mu shiga da ƙafarmu." Muka shiga soron, gumin jikina ya bushe. Ta nuna kafofin nan uku na sama ta ce iska mai zafi sama take hawa, in ta samu hanya ta fita, sabuwa ta shigo ta ƙasa. Shekara arba'in sai ran nan aka ba ni amsar tambayata.

Suna da wani awon kuma, na gane yawan kafofin ɗaki. Su kafa wani ƙyalle ja a bakin ƙofa, ya rufe ta duka, da babbar fanka a tsakiyarsa. Fankar na zuƙe iskar ɗakin tana fitarwa waje, sai a zagaya ciki da ɗan tsinke mai hayaƙi. Duk inda kafa take, hayaƙin zai karkace. A gidajen wasu magina hayaƙin rawa yake ta yi ko'ina, ina tsaye ina murmushi. Na ce, "Madam, bari in kai ki inda hayaƙinki zai tsaya cik."

Na roƙi Alhaji Mani, ya ba da mabuɗi. Laminu ya buɗe mana, ya koma gefe ya tsaya. Aka tada gurup, injin ba da wuta, fanka ta kama. Madam ta bi taga da tsinken, ta bi kusurwoyi, ta hau kujera ta bi filafo. Hayaƙi miƙe, ko motsi. Ta dubi na'urar, ta yi wa abokin aikinta magana da Faransanci, shi ma ya zo ya duba. Sannan ta juyo.

"Baba, kai ka gina wanga? Tunda muka fara ban auna ɗaki mai toshiya irinsa ba."

Na bugi ƙirji. "Ni ne. Ba-Kafa ake ce mini."

"Wa ke kwana ciki?"

Laminu ya ce, "Matata ce. Ta rasu a ciki, tana jego."

Madam ta kashe fankar. Ta ce, "Allah ya jiƙanta. Wane lokaci ne na shekara?"

"Da ɗari."

"An sa mata wuta a ɗakin?"

"Kaskon garwashi, yadda ake yi."

"Da ƙofa rufe?"

Laminu ya ɗaga kai. Na ga fuskar Madam ta sake. Ta tambaye shi ko matar ta yi ciwon kai, ko ta yi amai, ko jiri. Duk wanda ta ambata sai ya ce e, har ya ce, "Madam, wa ya gaya miki?"

Sai ta ce a nemo mata kasko da gawayi, a kira Alhaji. Aka hura, aka cire ƙyallen jan, aka sa kaskon a tsakiyar ɗaki. Ta ciro wata ƴar na'ura rawaya, kamar salula, ta ajiye daidai inda kan gado yake a da. Ta fito ta ce in ja ƙofar yadda aka saba ja. Na ja, ta yi luf.

Muka zauna a inuwa, aka ɗora shayi. Ba mu kai ga kofi na biyu ba sai muka ji ƙara daga cikin ɗakin, siririya, ba tsayawa, kamar kukan tsuntsun da aka kama. Laminu ya zabura zai shiga. Madam ta tare ƙofar da hannu biyu.

"Kada kowa ya shiga! Ku buɗe, ku ja da baya."

Aka buɗe. Na leƙa daga nesa. Ba hayaƙi, ba wari, ɗaki fes, garwashi na ci ja wur. Abin da ya fi girgiza ni ke nan, ba abin da ido zai gani.

Ta ce gawayi in yana ci a rufaffen wuri, yana cinye iskar da mutum ke shaƙa, yana kuma fitar da wata guba marar launi marar wari. Da fari ciwon kai da amai, daga nan kasala, mutum ya ji barci, ba ya iya ko ɗaga hannu. A ɗakin jinka gubar na sulalewa ta sama, shi ya sa kakanninmu suka tsira. A nan ba ta da inda za ta bi.

Laminu ya zauna a ƙasa daɓas. Ya ce, "Ta gaya mini kanta na sarawa. Na ce ta riƙa rufe ƙofa sosai, sanyi ne ke shigar ta."

Alhaji ya cire hula ya riƙe a hannu. "Ni na ce a toshe."

Ni kuwa na je buhuna na ɗauko guduma da kurfi, na jawo kujerar da Madam ta taka, na hau zan fasa bangon duk inda hannuna ya kai. Ta riƙe ƙafar kujerar.

"Ba haka ba, Baba. Sauko in nuna maka."

Abin da ta nuna mini ran nan shi nake so ku riƙe. Toshiya ba laifi ba ce. Ɗakin da ke yoyon iska ta ko'ina, zafi da sauro na shiga yadda suka ga dama. Ka toshe inda ya kamata, sannan kai da kanka ka zaɓi inda iska za ta shiga da inda za ta fita. Mashiga a ƙasa, ta gefen da inuwa ta fi daɗewa. Mafita can sama, a bangon da ke fuskantarta. Ka sa musu ragar ƙarfe saboda sauro, kuma kada ka yi musu murfi, don duk abin da ke da murfi ran sanyi sai an rufe shi. Tsakanin tol da filafo ma ka bar hanya, in ba haka ba tanda ka ɗora wa mutane a ka. In ka gama, kunna tsumma ka ja ƙofa, ka ga ko hayaƙin ya san hanyar fita. Ta kuma ce ko da kafofin, kada a bar mutum ya yi barci da garwashi a ɗaki rufe.

Wannan shekarar ita ce mummunar shekarata. Na zauna na tuno duk ɗakin da na toshe, daga Kona har Mayahi, na bi su ɗaya ɗaya da guduma. Wasu suka buɗe mini ƙofa. Wasu suka ce Isuhu ya zauce. Wani a Urafane ya ce, "Kai ka ce kafa aibi ce, yau kuma ka zo fasa mini bango? Fita." Sai da na koma sau uku, na ƙarshe da limamin unguwarsu. Labari ya bazu cewa ɗakin Ba-Kafa na kisa, rani guda ba wanda ya kira ni ko gyaran katanga. Na koma gona.

Amma kafin duk wannan, kashegarin awon, na hau kabu-kabu na tafi ƙauyen da Inna Tabawa take. Na same ta a bayan ɗaki tana ɓarzar wake. Ta rame, ta tsufa fiye da shekara biyu. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata komi, tun daga robar taya har kukan na'urar. Na faɗa mata har abin da na ce a majalisar shayi.

Ta buɗe tafin hannuwanta ta dube su.

"Isuhu, shekara biyu ina duba hannuwan nan. Har ni na fara cewa ko gaskiya ne, ko akwai wani abu cikina da ban sani ba. Jikata ta haihu a gidan nan, na ƙi taɓa jaririn."

Na ce, "Inna, ki gafarta mini."

"Ba a nan za ka faɗa ba. A nan wa ya ce mini mayya? Ka koma inda aka faɗa. Kuma ba masallaci kaɗai ba, maza ne can. Matan da suka janye ƴaƴansu su ma su ji."

Ran kasuwar Gidan Amumune, da rana ta take, na karɓi lasifikar mai shela na hau bayan wata amalanke. Alhaji Mani ya tsaya a damana, Laminu a haguna, yana saɓe da ɗiyarsa. Na ce, "Jama'a, ni ne Isuhu magini. Hadiza matar Laminu ba maita ta kashe ta ba, ba iska ba. Ɗakin da na gina ne, na hana shi numfashi. Ta roƙe ni taga na yi mata dariya. Inna Tabawa ba ta da laifi ko ƙwayar gero." Kasuwa ta yi tsit, har masu awo suka tsaya da tiya a hannu. Wata mata mai tuyar ƙosai ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka.

Bayan kwana biyu Alhaji ya ba da motarsa, aka tura dattawa huɗu da uwar Laminu su dawo da ita. An share mata ɗaki, an sake jinka, mata sun yi tuwo. Ina cikin waɗanda suka jira a bakin gari. Da la'asar motar ta dawo, muka leƙa, mutum biyar suka tafi, biyar suka dawo.

Uwar Laminu ta sauko tana share ido. Ta ce tsohuwar ta karɓe su, ta ba su ruwa, ta saurare su har suka gama. Sannan tsohuwar ta ce, "Ku gaya musu na ji, na kuma yafe. Amma rabin garin nan ni na fara ɗaukar su kafin uwayensu, kuma ran da aka jefe ni ko ɗaya bai fito ba. Ƙafata ba ta ƙara taka shi."

Ba ta kuwa taka ba. Can ta rasu, damina biyu bayan haka.